Lamba 2, Inuwar Lamba 14

Wata Asabar da rana ina zaune a falo da autana, shi yana kallon wasan Bundesliga, ni kuma ina jiran la'asar ta yi. Ƙwallo ta fita, aka bai wa mai tsaron gida ya buga. Maimakon ya ɗaga ta sama ta faɗa tsakiyar fili, sai ya gangara ta ga ɗan bayan da ke tsaye dab da shi a cikin yadi na 18, ga 'yan gaban abokan karawa har uku sun taso a guje. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai! Fitar da ita!"

Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ai yanzu an daina haka. Daga gida ake fara saƙa wasa."

Na koma na zauna. Can an jima na kasa haƙuri, na ce to wa ke riƙe da lamba 9 ɗin can, na ga yana ta yawo kamar akuyar da ba ta da ubangida? Ya ce ba wanda aka ɗora wa shi. Kowa yankinsa yake tsaro: in ya shigo naka, naka ne, in ya fita ya zama na maƙwabcinka.

A nan Berti Vogts ya faɗo mini a rai. Da na ambaci sunan, yaron ya ce ya taɓa ji, ba shi ne Baturen nan da ya horar da Super Eagles aka sha kashi a Gana ba? Shi ne. Abin da ya rage na mutumin a ƙasarmu ke nan: wata goma sha uku na aikin koci, daga Janairun 2007 zuwa Fabrairun 2008, da wani dare a birnin Akra da Gana ta fitar da mu da ci 2 da 1, alhali an kori kyaftin ɗinsu John Mensah, suna wasa da mutum goma. Michael Essien ya farke wadda Yakubu Aiyegbeni ya ci da fenareti, Junior Agogo ya ƙarasa mu. Jaridu sun yi ta ƙorafin cewa kocin ya fi zama a Jamus fiye da nan, kuma ba da daɗewa ba aka raba gari. Wannan hukunci ne da ya riga ya wuce, ba shi na zo ɗaukaka ƙara a kai ba. Wanda nake nufi wani ne daban, gajeren ɗan baya mai farin gashi wanda aka taɓa cewa ya bi Johan Cruyff duk inda ya sa ƙafa, ya kuma bi shi.

Mu a akwatin talabijin mai baƙi da fari muka fara saninsa, a ƙarshen shekarun 1970, cikin wani shirin ƙwallon Jamus da ake nunawa mako-mako. A layinmu gida ɗaya ne ke da akwatin. Manya a kan kujeru, mu yara a ƙasa, waɗanda suka makara kuma su leƙo ta taga, ɗakin cike da warin zufa da na maganin sauro. Sunan ƙungiyarsa ya fi ƙarfin harshenmu, Borussia Mönchengladbach, sai mu yanke mu ce Gilabak. Kowa idonsa na kan masu cin ƙwallo, ban da kawuna. Shi lamba 2 yake buga wa ƙungiyar unguwarmu, kuma da zarar Vogts ya bayyana sai ya dungure mini kai ya ce, "Kai yaro, bar kallon masu rawa. Kalli wancan." Na kalla, ban ga komai ba. Wani ɗan guntun mutum ne kawai manne da wani, kamar ƙarangiya a gefen wando. Sai da na girma na gane cewa rashin ganin komai ɗin shi ne aikin: in ɗan gaban da ka zo kallo ya ɓace maka tsawon minti casa'in, to wani ne ya ɓatar da shi.

Cikakken sunansa Hans-Hubert Vogts, an haife shi ranar 30 ga Disamba 1946 a Büttgen, wani ƙaramin gari a yammacin Jamus, shekara ɗaya da rabi bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasar tana cikin kangaye. Kafin ya cika shekara 14 ya rasa uwa da uba, dangi suka riƙe shi, ya koyi sana'ar ƙera kayan aikin masana'antu. Tsayinsa mita 1.68 ne. Ba shi da yanka, ba shi da irin taɓa ƙwallon da ke sa 'yan kallo su miƙe. A 1965 koci Hennes Weisweiler ya ɗauko shi daga ƙungiyar garinsu ya kai shi Mönchengladbach, birnin masaƙu irin Kadunarmu ta da, a daidai shekarar da ƙungiyar ta hau Bundesliga tare da Bayern Munich. Weisweiler ya zame masa uba. Daga ranar har ya rataye takalmi a 1979, riga ɗaya ya sani: wasa 419 a Bundesliga, duk a ƙungiya guda.

Jamusawa suka sa masa laƙabin Terrier, sunan wani ɗan ƙaramin karen farauta da ke bin dabba har cikin raminta, in ya kama ba ya saki. A wajenmu kwatanta mutum da kare zagi ne, shi ya sa kawuna bai taɓa yarda da sunan ba. Amma duk wanda ya zauna da mafarauta ya san irin darajar da suke bai wa karen da ba ya juya baya, ya kuma san ba kowane kare suke yi wa kirari ba.

Abin mamakin shi ne inda wannan mutum ya samu kansa. Gladbach ta wancan zamani ƙungiyar gudu ce da kai hari, matasa zalla, har ake ce musu dukusai saboda yadda suke sukuwa a fili. Akwai Günter Netzer mai dogon gashi da motocin ƙawa, wanda ke jefa ƙwallo daga nesa ta sauka a ƙafar mutum; akwai Jupp Heynckes mai cin raga, da Rainer Bonhof mai bugun da masu katanga ke tsoro, daga baya ga Allan Simonsen ɗan Denmak. Tsakanin 1969 da 1977 babu wata ƙungiya da ta ɗauki kofin Bundesliga in ba su ko Bayern ba, kuma biyar daga cikin kofunan na Gladbach ne: 1970, 1971, 1975, 1976 da 1977. Suka haɗa da kofin ƙalubale na Jamus a 1973, da kofin UEFA a 1975 da 1979. Masu sukuwa suna samun damar sukuwarsu ne domin akwai wanda ya tsaya gadin ƙofa. Netzer ya tafi Real Madrid a 1973, Uli Stielike ya bi shi a 1977, Bonhof ya nufi Valencia, Simonsen ya koma Barcelona. Vogts yana nan. Mutanensa kuwa ba su yi masa irin ta kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, domin sau biyu aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Jamus, a 1971 da 1979, a ƙasar da Franz Beckenbauer da Gerd Müller ke tashe.

Ranar da ta yi masa suna ita ce 7 ga Yuli 1974, wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Munich, Jamus ta Yamma da Holan. Ni ban kalle shi a ranar ba, sai bayan shekaru a kaset ɗin bidiyo da ya sha hannu har hoton yana rawa. Holan ta zo da wani salo da duniya ba ta saba gani ba, inda ɗan baya ke zama ɗan gaba, ɗan gaba ya koma baya, kowa ko'ina. Sun lallasa Ajantina 4 da nema, sun fitar da Barazil mai riƙe da kofin da 2 da nema, kuma ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarsu kafin wasan ƙarshe, ita ma nasu ne ya ci gida. Cruyff, mai lamba 14, shi ne ran ƙungiyar. Kocin Jamus Helmut Schön ya kira Vogts ya ba shi aiki guda.

Da farko abin kunya aka yi. Holan ta take wasa, suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo ba Bajamushen da ya taɓa ta. Cruyff ya koma can tsakiyar fili, bayan duk 'yan wasansu, ya karɓa, ya taso. Vogts na gefensa yana ƙoƙarin tare hanya, ya ɗan tsaya, ya fizga, ya bar shi a baya, ya kutsa yadi na 18, Uli Hoeneß ya kwashe masa ƙafa. Alƙalin wasa Jack Taylor ɗan Ingila ya nuna fenareti, Johan Neeskens ya narka ta a raga. Bajamushen farko da ya taɓa ƙwallon a wasan shi ne mai tsaron gida Sepp Maier, lokacin da ya ɗauko ta daga cikin raga. Ba a kai minti biyar ba kuma Vogts ya karɓi katin gargaɗi saboda keta da ya yi wa Cruyff. Duk mai lissafi zai ce an gama da shi: an wuce shi sau ɗaya a gaban duniya, ga kati a wuya, ga sauran minti tamanin da biyar da gwanin gwanaye.

Abin da ya biyo baya shi ne kawuna yake so in gani tun ina yaro. Vogts bai ja da baya ba, bai kuma ƙara yin ganganci ba. Ya gane cewa in Cruyff ya juyo ya fuskanci raga da ƙwallo a ƙafa, ba mai tare shi, don haka ya hana shi juyowa. Kafin ƙwallo ta iso yana bayansa, numfashinsa a ƙeyarsa, ƙafa ɗaya a shirye ta zungure ta. In Cruyff ya koma tsakiya, ya bi shi. In ya fita gefe, ya bi shi. Har akwai lokacin da mai gadin ya bar gadi ya kutsa gaba ya ɗirka wata ƙwallo da sai da mai tsaron gidan Holan Jan Jongbloed ya yi da gaske ya ture ta. Paul Breitner ya farke da fenareti, Müller ya ƙara ta biyu a minti na 43 daga ƙwallon da Bonhof ya kawo masa. Da aka tafi hutun rabin lokaci Cruyff ya bi alƙali da mita har shi ma ya samu nasa katin. Wanda ya shigo fili yana murza kowa, ga shi ya koma yi wa alƙali ƙorafi. Holan ta yi ruwan hare-hare a zagaye na biyu, Maier ya tare, aka tashi 2 da 1.

Har gobe in ana labarin wannan gasa, Holan ake yabo, kuma sun cancanta. Kofin dai a Jamus ya kwana.

Sai dai sana'ar nan tana da ranar ƙin dillanci, kuma Vogts ya ga tasa har sau biyu a bainar jama'a. A watan Mayun 1977, a birnin Rum, Gladbach ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da Liverpool, aka ce ya riƙe Kevin Keegan, wanda ke buga wasansa na ƙarshe kafin ya koma Hamburg. A wannan dare Keegan ne ya ja shi ko'ina a fili kamar raƙumi da akala, har kusa da tashi ya kutsa yadi na 18, Vogts ya kayar da shi, Phil Neal ya ci fenaretin, aka tashi 3 da 1. Shekara guda bayan haka, a Kordoba ta Ajantina, yana kyaftin ɗin masu riƙe da Kofin Duniya, ƙwallo ta doke shi ta faɗa ragarsu, Ostiriya ta ci su 3 da 2, Hans Krankl ya zuba biyu. Wasansa na 96 ke nan wa ƙasarsa, kuma na ƙarshe. Ƙwallo ɗaya ya taɓa ci wa Jamus a duk tsawon shekarun. A farkon kakar da ta biyo ya ji mummunan rauni a ƙafa, ya yi watanni yana jinya, ya lallaɓo ya dawo ya ɗaga kofin UEFA bayan sun doke Red Star Belgrade, sannan ya ce ya isa.

A tsarin da, kowa ya san wanda za a tuhuma, kuma wannan ne abin da na fi kewa. A filin unguwarmu, wanda ake zana layinsa da toka, kafin a take wasa kawuna yakan shafe takalminsa da man kaɗanya, ya ɗaure igiyar har ta zagaya ƙarƙashin tafin, ya ce wa kyaftin, "A nuna mini mutumina." Shi ke nan. In mutumin ya ci ƙwallo, a ranar ba ya zuwa majalisa shan shayi, tuwonsa ma a ɗaki yake ci. In kuwa bai ci ba, ko an lallasa su, da ƙafarsa mai ɗingishi zai zo ya zauna ya miƙe ta kowa ya gani. Yau in ƙwallo ta shiga, sai ka ga 'yan baya huɗu suna nuna wa juna yatsa, masu sharhi kuma su kawo zane-zane su ce tazarar da ke tsakanin layuka ce ta yi yawa. Wataƙila gaskiyarsu ne. Amma tazara ba ta jin kunya, ba ta kuma ƙin cin tuwo.

To, an ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ba na so in yi wa kaina ƙarya. Wancan zamani yana da muni, munin kuma a jikin mutane ya sauka. Katin gargaɗi da jan kati ma sai a Kofin Duniya na 1970 aka fara amfani da su, kuma shekaru da yawa bayan nan alƙalai na kawar da kai ga zamiya ta baya. A 1981, a wasan Bundesliga tsakanin Werder Bremen da Arminia Bielefeld, ƙusoshin takalmin Norbert Siegmann suka farke cinyar Ewald Lienen, tsohon abokin wasan Vogts, har tsoka ta fito fili; katin gargaɗi kawai aka bayar. Marco van Basten ya buga wasansa na ƙarshe yana da shekara 28, idon sawunsa ya lalace. Kawuna kansa a zaune yake sallah tun bai kai hamsin ba, kuma akwai wani tsohon ɗan gaba a garinmu da har ya rasu ba ya amsa masa sallama da sakin fuska. Vogts ba ya cikin mugayen, ƙwallo yake nema ba ƙashi ba, amma tsarin da ya ɗaukaka shi shi ne ya ba mugayen mafaka. Da hukumar FIFA ta ce daga 1998 zamiya ta baya mai haɗari jan kati ce kai tsaye, ba wanda ya yi asara sai masu ɗorin karaya.

Ga kuma gundura, wadda mu tsofaffi muke mantawa da gangan. Kafin 1992 ɗan baya na iya mayar wa mai tsaron gida ƙwallo da ƙafa, shi kuma ya sunkuya ya ɗauka da hannu, ya rungume, ya gangara masa, ya sake mayarwa. Ƙungiyar da ke gaba da ci ɗaya tana iya kashe minti goma a haka, mu muna zaune muna kallo kamar an ɗaure mu. Bayan Kofin Duniya na 1990, wanda ya yi ƙarancin ƙwallaye, aka hana. Wannan doka guda ta tilasta wa masu tsaron gida da 'yan baya su koyi wasa da ƙafa, kuma daga gare ta ne aka taho har zuwa 2019, lokacin da aka halatta ɗan baya ya karɓi bugun mai tsaron gida a cikin yadi na 18, wato abin da ya tayar da ni tsaye a falo.

Akwai wani abu kuma da ya fi waɗannan nauyi, wanda na jima ina juyawa. Mutumin da aka horar ya kalli abu ɗaya kawai, yakan kasa ganin abin da ke gefensa. A 1978 Ajantina na hannun sojoji ƙarƙashin Jorge Videla, ana sace dubban mutane ana ɓatar da su, wasu a gidajen azaba da ba su da nisa da filayen wasa. An ruwaito Vogts, kyaftin ɗin Jamus, yana cewa shi dai ƙasa ya gani mai doka da oda, bai ga fursunan siyasa ko ɗaya ba. Maganar ta bi shi shekara da shekaru a ƙasarsu. Ba na jin mugunta ce ta sa ya faɗe ta. An ce masa ƙwallo ta kawo shi, ya kafe idonsa a kan ƙwallo, kamar yadda aka ce masa Cruyff ya kafe a kan Cruyff. Ɗabi'ar da ta ci kofi a Munich ita ce ta ba da kunya a can.

Jamus ta fi kowace babbar ƙasar ƙwallo daɗewa a kan tsohon tsari: masu bin mutum biyu, da wani a bayansu mai share abin da ya zubo, wanda suke kira libero, gurbin da Beckenbauer ya mayar sarauta. Guido Buchwald ya yi wa Diego Maradona a 1990 irin abin da Vogts ya yi wa Cruyff. Shi kansa Vogts, bayan ya yi shekaru yana horar da matasan ƙasar, ya gaji Beckenbauer a 1990, ya ci kofin Turai na 1996 a Wembley da wannan tsari, Matthias Sammer na libero, Oliver Bierhoff ya ci Jamhuriyar Cek ƙwallon da ta kashe wasa. Takensa a lokacin shi ne ƙungiya ce tauraruwa, ba wani mutum ɗaya ba, maganar da ta dace da bakin wanda ya yi rayuwarsa yana yi wa taurari gadi. Amma duniya ta riga ta yi gaba. Arrigo Sacchi a AC Milan ya nuna cewa mutum huɗu a jere, masu matsawa tare kamar an ɗaure su da igiya, sun fi masu bin mutum. Bulgeriya ta fitar da Jamus a 1994, Kuroshiya ta zuba mata 3 da nema a 1998, Vogts ya sauka. A ƙarshen wannan shekara wani matashin koci, Ralf Rangnick, ya tsaya gaban allo a talabijin yana bayanin tsaron yanki, manyan ƙwallon ƙasar suka yi masa ba'a suna kiransa farfesa. Shekara biyu bayan haka Jamus ta je gasar Turai da Lothar Matthäus mai shekara 39 a matsayin libero, ta dawo da maki ɗaya. Sai a sannan aka yarda kiɗa ya canza. Aka wajabta wa ƙungiyoyin Bundesliga buɗe makarantun renon yara, kuma daga cikin abin da aka shuka ne aka girbi kofin 2014.

Kyaftin ɗin da ya ɗaga wannan kofi a Barazil, Philipp Lahm, shi ma gajeren ɗan baya ne, mita 1.70, kusan tsayin Vogts. Ka ajiye su gefe da gefe ka ga tafiyar shekara arba'in. Lahm ya buga wa Jamus wasa 113, ba a taɓa ba shi jan kati ba a duk rayuwarsa ta ƙwallo, yana karɓe ƙwallo kamar mai zare gashi daga cikin man shanu, kuma ya iya rabawa har Pep Guardiola ya mayar da shi tsakiya. In don iya ƙwallo ne, Lahm ya fi, ba na musu, ko da kawuna zai tashi daga kabari ya dungure mini kai. Tambayar da ta rage mini ita ce ko makarantun da suka fitar da Lahm za su karɓi maraya ɗan shekara 18 daga Büttgen, wanda ba shi da komai sai naci. Ina shakka. Da wuya ya wuce gwajin farko, inda ake duba yadda yaro ke karɓar ƙwallo da juyawa da ita.

Filin da ya yi shekara goma sha huɗu yana wasa a kai ma babu shi. Bökelberg sunansa, a tsakiyar unguwa, da matakalai masu tsayi inda yawancin 'yan kallo a tsaye suke, kusa da fili har suna jin haki. A nan ne a 1971 turken raga na katako ya karye ana wasa da Bremen, aka tashi wasan, abin da ya sa ƙungiyoyin Jamus suka koma turakun ƙarfe. A 2004 Gladbach ta ƙaura zuwa sabon fili a bayan gari, aka rushe tsohon aka gina gidajen kwana. An bar gangaren matakalan, ciyawa ta rufe su, yara na wasa a kai.

Na ɗauka sana'ar ta mutu ke nan, sai autana ya ƙaryata ni ba da saninsa ba. Da na gama ba shi labarin Munich, ya ce, "Baba, ai wannan shi ne sabon salon da Atalanta ke yi." Ya tuna mini daren 22 ga Mayu 2024 a Dublin, wanda muka kalla tare muna ihu saboda Ademola Lookman ya ci wa Atalanta uku rigis. Bayer Leverkusen ta Xabi Alonso ta zo wasan ƙarshe na kofin Europa bayan wasa 51 ba a doke ta ba, gwanayen saƙa wasa daga gida. Kocin Atalanta Gian Piero Gasperini ya ce wa kowane ɗan wasansa ga mutuminka, bi shi. Jamusawan suka rasa inda za su juya. Ni a daren Lookman kawai na gani. Ashe na manta darasin kawuna, na koma kallon masu rawa. Bambancin dai shi ne, a da mutum ɗaya ake sadaukarwa ya zama inuwar wani, a bakin gidansu. Yanzu goma ne ke yi gaba ɗaya, tun daga bakin gidan abokan karawa, kuma ana sa ran duk wanda ya ƙwace ƙwallo ya san abin da zai yi da ita. Yaron yana kiran abin sabo, ban yi masa gardama ba.

Mutanen wancan wasa na Munich suna ta tafiya: Cruyff a 2016, Müller a 2021, Beckenbauer da Neeskens duk a 2024. Hoton wasan kuwa yana nan a intanet cikakke, ya fi kaset ɗin da na kalla haske nesa ba kusa ba. Mai karatu, in ka samu sarari ka nemo shi, musamman in kana cikin waɗanda Vogts ɗin Akra kawai suka sani. Ka haƙura da bin ƙwallo, ka zuba ido a kan gajeren nan mai farar riga da lamba 2 a baya, ka fara ƙirge daga minti na biyar: sau nawa mai lamba 14 ya samu ya juyo ya fuskanci raga.